Da Wane Hannu Ta Miƙa Ruwan

Akwai labarin da kuke ba mutane game da ni, kuma na ji Kabiru ya maimaita shi ranar sunan 'yarsa, a gaban baƙi, har wani dattijo ya ce Allah ya yawaita mana irin su Malam. Wai mahaifinku ya tsaya a gaban taro a Doha ya ce ya yi kuskure, aka raba shi da aikinsa saboda gaskiya, ya tattara iyalinsa ya dawo gida. Ina zaune ina ji, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Rabin labarin haka yake. Ɗaya rabin ne ya sa na ɗauki alƙalami yanzu da ido ya fara gazawa, domin ku biyun da kuka rage mini, Kabiru da Maryam, kun isa ku ji abin da ya faru a shekararmu ta ƙarshe a can, da kuma abin da ya shafi ƙanwarku Safiya, Allah ya jiƙanta.

Kun san mutumin da na ɓata ƙuruciyata a kansa, mawaƙin nan na ƙasar Ingila wanda ya mutu tun kafin a haifi kakan kakana, mai rubuta waƙa ya kuma zana mata hoto da hannunsa. Ba zan dame ku da sunansa ba, kun ji shi har kun ƙosa. Mahaifiyarku ma ba ta taɓa kiran sa da suna ba, Mai Gane-gane take ce masa, saboda na taɓa gaya mata cewa yana iƙirarin ganin mala'iku a kan bishiya da rana tsaka. A zanensa babu abin da yake zaune haka kawai. Itace yana nufin wani abu, gajimare yana nufin wani abu, inda mutum ya juya fuskarsa ma magana ce. Aikina shi ne karanta wannan maganar, kuma ina ganin na iya, ban taɓa ɓoye wa kowa cewa ina ganin na iya ba.

A cikin zanensa duka akwai guda ɗaya da na riƙe kamar gadon ubana. Wani mutum ne zaune a bakin rijiya da mari a ƙafarsa, wata mace tsaye a kansa, gashinta ya tashi sama kamar harshen wuta, tana miƙa masa ruwa a ƙwarya, shi kuwa ya kau da kai gefe. A bayansu akwai bishiya, rabinta da ganye, rabinta a bushe. Zanen bai shahara ba, domin yana gidan wasu masu hali da ba sa nuna wa kowa. Wani tsohon Bature da ya koyar da ni a jami'a shi ya taɓa shiga gidan ya ɗauki hotonsa, kuma da zai koma ƙasarsu ya ba ni ɗan fim ɗin, irin wanda ake sakawa a majigi a haska a bango. Na kai wa wani mai wankin hoto a Sabon Gari ya fitar mini da shi babba a takarda. Ranar da na karɓo, ina buɗewa a bakin shagon, idona ya sauka a hannun matar. Da hagu take miƙa ruwan.

Ku da kuka tashi a gaban uwa da uba ba za ku san abin da wannan ya yi mini ba. Ni maraya ne a gidan kawu. Matar kawuna ba ta taɓa dukana ba, ba ta taɓa hana ni tuwo ba, amma kullum da hagu take miƙo mini kwano, fuskarta na kallon wani wuri. Bahaushe ya san abin da ake nufi da haka, ko yaro ne. Don haka da na ga hoton sai na ce a raina, wannan Baturen ya san abin da na sani. Matar nan sadakar raini take yi, mutumin kuma ya kau da kai ne don ya ƙi a wulaƙanta shi. Busasshen rabin bishiyar yana gefen hagu, na ce ga shaida ta biyu. Daga nan na bi sauran zanensa ɗaya bayan ɗaya ina farautar hannun hagu, kuma wanda yake neman abu da irin wannan yunwar ba ya rasawa. Shekara ashirin ina gina littafi a kan cewa duk tausayin da ke cikin zanen mutumin nan tausayin munafunci ne. Da wannan karatun na sami aiki a Doha, da shi muka zauna a gidan nan na Nu'aija inda kuke jin ihun 'yan kallo daga filin ƙwallo in ana wasa.

Zaman Doha ya yi mana rana ta wajen Safiya. Kun tuna yadda sikila take yi mata a gida, yadda take kwana uku tana murƙususu mahaifiyarku na danna mata ƙafa. A can, da katin lafiyar da ke rataye da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, likitoci suka san ta, suka san jininta, ana yi mata ƙari a kan lokaci, har ta yi ƙiba ta fara tsokanar Maryam. Jami'a ce kafil ɗina, wato ita ta tsaya mini a kan izinin zaman, ni kuma ku duka kuna ƙarƙashina. In aikina ya tafi, iƙama ta tafi, katin Safiya ya bi ta. Kowa a gidan ya san haka, ba a dai faɗa ne.

A shekarar da nake ba ku labari, littafin yana hannun masu bugawa, kwantiragina ya zo ƙarshe, kuma sabunta shi da ƙarin girma zuwa farfesa duk suna jiran fitowar littafin. Sai ga labari cewa wani gidan adana kayan tarihi a garin ya aro zanen rijiyar, na ainihi, za a nuna shi a fili karo na farko. Aka gayyace ni in yi lacca ranar buɗewa. Na yi ta yawo a gida ina cewa Allah ya kawo dutse wajen mai niƙa, har mahaifiyarku ta ce in zauna haka nan kada in huda mata kafet.

Akwai wani Bulus, mutumin kudancin Kaduna, ma'aikaci a gidan tarihin, shi ke buɗe akwatunan kaya yana rataye su. Mun saba ne a wani ɗan shago a unguwar Fereej Abdel Aziz inda mutanenmu ke sayen kuka da daddawa, kuma ya sha zuwa gidanmu cin tuwo ran Juma'a, ya san hoton da ke bangon falo. Saura kwana uku a buɗe, ya kira ni da safe.

"Malam, in kana da hali ka zo yanzu. Ka zo kai kaɗai."

Na tafi. Ya shigar da ni wani ɗaki a ƙasa mai sanyi kamar cikin firji, ya sa safar hannu, ya ɗaga farar takardar da aka rufe zanen da ita, ya ja da baya. Abin ƙarami ne, bai kai sallaya ba, launinsa kuwa ya fi na hotona rai nesa ba kusa ba. Ga rijiyar, ga marin, ga gashin wutar. Matar tana miƙa ƙwaryar da hannun dama. Ganyen bishiyar ma ya koma wancan gefen. Na daɗe tsaye ina ɗaga hannuna ina gwadawa kamar yaron da ake koya wa alwala, kafin na gane abin da ya faru. Mai wankin hoton Sabon Gari ya kifa fim ɗin ne, ya fitar da shi a juye, kuma babu rubutu a jikin zanen da zai tona asirin.

"Ko dai bugu ne?" na ce masa. "Ka san abin da aka sassaƙa a farantin tagulla in an buga shi a takarda juyewa yake yi. Wataƙila shi da hagu ya zana."

Bulus ya girgiza kai a hankali.

"Malam, da zan iya ce maka haka da na ce. Wannan zanen hannu ne, ruwan fenti a kan takarda. Ga sawun fensirinsa nan a ƙarƙashin hannun, duba ka gani. Yadda ya zana shi ke nan."

Na duba, na gani. Ban tuna yadda na tuƙa mota na koma jami'a ba. Na shiga ofishin shugaban sashenmu, Dokta Abdurrahim, wani dattijo ɗan Sudan mai haƙuri, na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Sannan ya ce mini mutum nawa ne a zauren za su bambanta bugu da zanen hannu, in yi maganar farantin tagulla a jimla ɗaya in wuce, littafi ya fito, kwantiragi ya zauna, bayan shekara biyu in rubuta gyara a wata mujalla da ba kowa ke karantawa ba. Ba mugun mutum ba ne. Ya san Safiya, ya taɓa zuwa duba ta a asibiti.

Da la'asar na zaunar da mahaifiyarku a falo, ƙarƙashin hoton, na bayyana mata. Ta saurara har na gama, hannunta a kan gwiwa.

"Malam, ni ban san zane ba," ta ce. "Dama ko hagu, Mai Gane-gane ya mutu, ba zai kai ka ƙara ba. Abin da na sani shi ne ranar Talata akwai ƙarin jinin Safiya, wata mai zuwa ma akwai."

"To in tsaya a gaban mutane in yi ƙarya, Rabi?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Na ce ka san abin da kake riƙe da shi kafin ka buɗe hannu."

Ashe Safiya tana bakin ƙofa tana ji. Shekararta goma sha bakwai a lokacin. Ta shigo ta karɓi wayata, inda Bulus ya bar ni na ɗauki hoton zanen, ta zauna tana kallo, ta ɗaga kai ta kalli na bango, ta sake komawa. Na ce mata yanzu ban ma san abin da zanen yake cewa ba, domin in da dama aka ba shi, babu dalilin kau da kai.

"Baba, ai kunya yake ji," ta ce.

Na ce kunyar me.

"In ciwo ya tashi Umma ta kawo mini ruwa, haka nake juyar da kai. Na san ba raina ni ta yi ba. Gajiya nake yi da karɓa. Kullum ni ake ba, ni ban taɓa ba kowa komai ba. Dubi wuyansa, Baba. Mai fushi wuyansa a miƙe yake. Wannan nasa a sunkuye yake."

Na karɓi wayar na duba wuyan. Shekara ashirin ina kallon hannun matar, ban taɓa kallon wuyan mutumin ba. Yarinyar da ba ta karanta ko shafi ɗaya na littafina ba ta rushe shi a zaune, kuma abin da ta gina a gurbinsa ya fi nawa kyau. Marin da ke ƙafarsa ba shi ne ya hana shi sha ba, ruwan yana dab da bakinsa. Ganyen bishiyar yana gefen matar, bushewar tana gefen da ya juya fuskarsa. Na ji daɗi da baƙin ciki a lokaci guda, har na rasa wanda zan fara nunawa.

Ranar laccar kun halarta, kun san wannan. Na haska hotona na Sabon Gari a bango kusa da na gaskiya, na ce wa mutane ga abin da na gina a kai, ga yadda ya rushe, na faɗa musu karatun Safiya na kuma ambaci sunanta. An tafa. Wasu sun zo sun riƙe hannuna. Bulus yana can baya jingine da bango, ya ɗaga mini hannu. Bayan sati biyu masu bugawa suka rubuto cewa sun dakatar da littafin, maganar farfesa kuma ta mutu. Har zuwa nan labarin Kabiru daidai ne, kuma ban yi nadamar wannan ranar ba.

Ga abin da ba ku sani ba. Bayan wata ɗaya Dokta Abdurrahim ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya zuba mini shayi da kansa. Ya ce kwamiti ya ƙi sabunta kwantiragina a sashen adabi, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma ya bi ofis-ofis har ya samo mini gurbi a sashen share fage, inda ake koya wa sababbin ɗalibai Turanci kafin su fara karatu. Albashi zai ragu sosai, za mu bar gidan Nu'aija mu koma ƙarami a Al Wukair, amma iƙama tana nan, katin lafiya yana nan. Ya turo mini takardar, ya ɗora biro a kai.

"Sa hannu, ya Doktor. Shekara biyu kawai, ka sake rubuta littafin, in Allah ya so mu dawo da kai."

Na kalli takardar. Abin da na gani shi ne ni, wanda aka tafa wa a zaure, tsaye a gaban yara ina koya musu yadda ake tambayar hanyar banɗaki da Turanci. Na hango malaman sashenmu suna gaishe ni a farfajiya da muryar ta'aziyya. Wani tsohon abu ya taso mini a ƙirji, irin na gidan kawu, na ji kamar kwano ake turo mini. Mutumin nan ya zubar da girmansa yana roƙo saboda 'yata, ni kuwa na ce masa ban zo ƙasar nan don in koyar da baƙaƙen Turanci ba.

"Ka yi tunanin yarinyar," ya ce.

"Na yi. Akwai asibiti a ƙasarmu. Khalas, magana ta ƙare."

Ya ce zai ajiye takardar har ƙarshen wata ko zan sake shawara. Ya kira ni sau biyu, ban ɗauka ba. Ya aiko Bulus, na ce wa Bulus in ya sake tayar da maganar ya daina zuwa gidana, na kuma sa ya yi mini alkawarin ba zai gaya wa kowa ba, shi ma ya riƙe alkawarin har yau, Allah ya saka masa. Da na koma gida abin da na ce wa mahaifiyarku shi ne, "Ba su sabunta ba." Ba ƙarya ba ce, na zaɓi kalmomin da kyau, aikina ke nan. Ta yi salati, ta tashi ta fara neman kwalaye. Safiya ta zo ta zauna kusa da ni tana ba ni haƙuri, tana cewa da ta sani da ba ta yi maganar wuya ba. Na shafa kanta na ce ba laifinta ba ne, ban ƙara komai ba.

Sauran kun gani da idonku. A shekara ta uku da dawowarmu ciwon ya tashi mata da ƙarfi, aka yi ta neman jinin da zai dace da ita daga wannan wuri zuwa wancan, aka samo shi bayan ta cika. Na yi imani da ƙaddara, na san ajali ba ya jinkiri ba ya gaggawa, kuma masu ta'aziyya sun tuna mini har na haddace. Wataƙila ko a Doha ranar ce ranarta. Amma wannan sanin na Allah ne. Nawa sanin shi ne an ɗora mini biro a kan takarda, na ƙi ɗauka, kuma ba gaskiya nake karewa ba a ranar, gaskiya na riga na faɗe ta wata ɗaya kafin nan kuma ba ita ta kore mu ba. Girman kai rawanin tsiya ne, ni na naɗa shi, 'yata ta ɗauki nauyinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita da bakinta ta karanta mini mutumin rijiyar, na hau mumbari na koya wa jama'a, aka tafa mini, ban ji ko kalma ɗaya a ciki ba.

Da muka dawo daga sunan 'yar Kabiru, washegari da hantsi, na sami mahaifiyarku tana tsince shinkafa a tsakar gida, na zauna a ƙasa kusa da ita na gaya mata duka, yadda na gaya muku yanzu. Ba ta sani ba. Na so a ce ta sani, da na sami sauƙi, amma na ga fuskarta. Ta ajiye farantin, ta shiga ɗaki, kwana huɗu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. A rana ta biyar ta tsaya a bakin ƙofata.

"Shekara nawa ina kallon ka ina cewa Allah ya jarrabe ka saboda gaskiya. Har Safiya ta tafi tana ganin ita ta jawo."

Na ce ta yafe mini.

"Nawa haƙƙin zan duba. Amma yaran nan suna ba 'ya'yansu labarinka, Kabiru ya sa wa 'yarsa sunan Safiya. Ka rubuta musu da hannunka, kada ka gyara komai, na san ka iya gyara magana. In sun karanta sai mu zauna."

To ga shi na rubuta, ban gyara ba. Duk wanda yake son ya tambaye ni wani abu ya zo, ba zan kau da kai ba, wanda kuma ba ya son ganina na ɗan lokaci ba zan ce ya yi laifi ba. Abu ɗaya nake roƙo. In Safiya ƙarama ta girma ta tambayi yadda mai sunanta ta rasu, ku gaya mata cewa ba ita ta jawo mana barin Doha ba, kakanta ne, an ba shi hanya ya ƙi.